Yadda ake jinyar wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana da motsi

Ranar da likita ya sallami wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'yan uwa kan sauke ajiyar zuciya, a ɗauka mai wuyar ta wuce. Alhali asibiti rai ya ceto. Dawo da hannu da ƙafa da baki kuwa, mafi yawansa a gida za a yi shi, a hannun mutanen da ba su taɓa koyon aikin jinya ba. A ganina abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne tausayi, fiye ma da sakaci. A karɓe masa cokali, a sa masa riga, a ƙarasa masa magana tun bai buɗe baki ba, duk da sunan ƙauna. Bayan wata shida sai a iske mutum bai ci gaba da komai ba, wani ma ya koma baya.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Wurin da jini ya yanke wa ya mutu, ba ya dawowa, amma sassan da ke kewaye da shi suna iya karɓar aikinsa idan an matsa musu da maimaici. Kamar hanyar ƙafa ce a cikin ciyawa: takawa ke fito da ita, idan an daina bi ta rufe. Wannan sauyi ya fi sauri a watanni 3 na farko, yana ci gaba da ƙarfinsa har wajen wata 6, daga nan ya rage gudu amma ba ya tsayawa, ana samun masu ƙara warwarewa bayan shekaru. Don haka duk abin da kuka yi masa wanda da zai iya yi da kansa, ko da kyar, ko a ɓaɓɓace, atisaye ɗaya kuka hana shi.

Kafin ku bar asibiti

Ku sami littafi guda na jinyar, ku rubuta amsar waɗannan a ciki. Jijiyar jini ce ta toshe ko fashewa ta yi? Kusan 85 cikin 100 toshewa ce, sauran zubar jini ne a cikin kai, kuma maganin ɗaya yana iya zama guba ga ɗayan. Asfirin da ke taimakon mai toshewa shi ne zai ƙara wa mai zubar jini zuba. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambanta su, saboda haka kada kowa ya kawo masa ƙwayar da aka rubuta wa wani don “ciwonsu ɗaya”. Ku tambaya wane gefen ƙwaƙwalwa ya taɓu. Gefen hagu ne ke juya ɓarin jikin dama, kuma a yawancin mutane nan ne mazaunin magana, shi ya sa wanda damarsa ta shanye ya fi yawan rasa baki. Ku tambaya ko an gwada haɗiyarsa. Sannan ku roƙi likitan fisiyo, wato mai koyar da atisayen motsa gaɓoɓi, ya nuna muku a jikin maras lafiyan yadda ake juya shi da tayar da shi, ku maimaita a gabansa ya gyara muku, wani ya ɗauka a waya don waɗanda ba su zo ba.

Kwanciya da kafaɗa

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. Nauyin jiki kan danne fata a inda ƙashi ya fito, jini ya kasa shiga, sai gyambo ya ɓullo: ƙasan baya, ƙugu, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa. A duba waɗannan wurare kullum lokacin wanka. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi, ko tauri, ko sheƙi. Idan kun gani, kada a murza shi, a ɗauke nauyi daga kansa gaba ɗaya a nuna wa ma'aikacin lafiya. Zanin gado ya kasance a bushe, a miƙe, ba tattara. A sa filo a ƙarƙashin ƙwaurinsa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa katifa ba.

Mutane na tsoron kwantar da shi a gefen da ya shanye, alhali babu laifi, yana ma taimaka masa ya riƙa jin ɓarin. Sharaɗin shi ne a zaro kafaɗar gaba a hankali don kada ya danne ta, hannun a miƙe, tafin yana kallon sama. Idan a gefen lafiya ya kwanta, hannun da ya shanye a ɗora shi kan filo a gabansa, ƙafar ma a kan wani filon, gwiwa a ɗan lanƙwashe.

Kafaɗa tana buƙatar jan kunne na musamman. Tsoka ce ke riƙe da ita a gurbinta, to tsokar ta saki. Duk wanda ya kama hannun da ya shanye ya ja don ya tayar da shi, ko ya cusa hannu a hammatarsa ya ɗaga, yana iya zame masa kafaɗar, ya bar shi da ciwon da zai yi watanni yana hana shi atisaye. A gaya wa kowa a gidan, har mai zuwa dubiya mai son taimako. Idan yana zaune, hannun kada ya yi lilo a gefen kujera, a tallafe shi da filo ko a ɗora kan tebur.

Ci da sha

Kusan rabin waɗanda wannan ciwo ya kama suna samun matsalar haɗiya a farko. Abinci ko ruwa ya kauce ya shiga huhu, ya zama namoniya, kuma tana cikin abubuwan da suka fi kashe su bayan an sallamo su. Abin mamakin shi ne ruwa tsantsa ya fi abinci mai kauri haɗari, domin yana gudu ya riga maƙogwaro rufewa.

Ba a ba shi komai a kwance, ko kurɓi ɗaya, ko yana gyangyaɗi. A zaunar da shi sak, kai a ɗan sunkuye, a kashe rediyo da talabijin. Mai bayarwa ya zauna daidai tsayinsa, don idan yana tsaye maras lafiyan zai ɗaga kai, hanyar huhu ta buɗe. Ƙaramin cokali, abinci mai laushi wanda ba ruwa-ruwa da gudaji a haɗe ba. A sa a gefen bakin da ke da lafiya, a jira a ga maƙoshi ya motsa kafin a ƙara. Ana iya cewa, “Baba, haɗiye. Ƙara haɗiyewa. To, ce aa in ji.” Idan muryar ta fito a jiƙe kamar mai kuskure baki, ko tari ya sarƙe shi, ko ido ya kawo ruwa, a dakata. Bayan an gama a leƙa kumatun gefen da ya shanye, don abinci kan maƙale a can bai sani ba. A wanke baki da buroshi safe da dare ko da ta robar hanci yake ci, a bar shi a zaune rabin awa. Idan likita ya ce robar hanci, kada a cire ta don ganin tausayi. Da zarar an tabbatar haɗiyarsa ta yi, cokalin ya koma hannunsa. Zai zubar, zai ɓata riga. A shimfiɗa tawul a ƙyale shi.

Magana

Nan ne iyali suka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Rasa magana ba rasa hankali ba ne. Mutumin yana nan, da tunaninsa da sirrinsa da fushinsa. A 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya bayyana wani majinyaci a Paris da ya yi shekaru ba ya iya furta komai sai “tan”, amma yana fahimtar abin da ake gaya masa. Bayan rasuwarsa aka ga rauni a gaban ƙwaƙwalwarsa ta hagu. A 1874 Carl Wernicke, Bajamushe, ya bayyana akasin haka: masu zuba magana ba gargada amma ba ta da kan gado, kuma ba sa gane ta wasu sosai. Likitoci na kiran duka biyun afasiya, kuma tana samun kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo. Akwai kuma na uku da kalmominsa ke nan daram, leɓe da harshe ne suka yi nauyi. Wannan idan aka ba shi biro zai rubuta abin da yake so. Mai afasiya kuwa sau da yawa rubutu da karatu ma sun tafi tare da bakin, to kada a tura masa takarda a yi ta mamakin ya kasa.

Fara da gano ko “eh” da “a'a” ɗinsa abin dogaro ne, don wasu kan musanya su ba da niyya ba. A yi tambayar da aka san amsarta: a kira sunansa a ce shi ne, a kira na wani a ce shi ne. Idan bakin yana ruɗewa, a koma ɗaga yatsa ko nuna alama a takarda. Daga nan a yi allon hotuna: kofi, banɗaki, gado, magani, fanka, bargo, da zanen jikin mutum don ya nuna inda ke ciwo. A haɗa da hotunan 'yan gida.

Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, yana fuskantarsa, da jimla gajera da murya ta yau da kullum. Ba kurma ba ne, ihu ba ya ƙara masa fahimta. Ba yaro ba ne, kada a yi masa muryar lallashin jariri. Sannan a jira. Jiran nan shi ne mafi wuya a duk jinyar. A ƙirga goma a zuci kafin a sa baki. Ga misali, uwa tana ta nuna tebur tana “a... a...”, 'yarta ta durƙusa gabanta:

“Mama, abin sha kike so?” Ta girgiza kai.

“Magani?” Ta sake girgizawa, ranta ya fara ɓaci.

“Yi haƙuri, ni ce ban gane ba. Nuna mini a nan.” Ta ɗora yatsa a kan hoton tabarau.

“Yauwa. Abin da kike sawa ki yi karatu. Ta... ta...”

“Barau.”

“Tabarau. Madalla, Mama. Sake faɗa.”

Ku lura 'yar ba ta miƙa mata tabarau ɗin nan take ba, ba ta kuma yi kamar ta gane alhali ba ta gane ba. Mai afasiya yana ganin ƙaryar fahimta a fuska, kuma tana yi masa ciwo. Ta ba ta harafin farko, ta bar mata sauran. Wata dabarar ita ce a fara jimlar da aka saba a bar masa ƙarshenta: “Ana wanke hannu da ruwa da...”

Abin da mutum ya haddace tun yana yaro ya fi jurewa: ƙirga, ranakun mako, gaisuwa, addu'o'i, waƙoƙi. Za ku ga wanda ba ya iya neman ruwa yana rera baiti guda ba tuntuɓe. A kan wannan wasu masana a Boston ta Amurka suka gina wata hanya a 1973, inda ake rera gajerun jimloli ana buga kari da hannun hagu, sannu a hankali a janye waƙar a bar maganar. Gabrielle Giffords, 'yar majalisar Amurka da aka harba a ka a 2011, waƙa na cikin abubuwan da aka yi amfani da su wajen dawo mata da baki. A gida ana iya gwadawa da jimlolin buƙata: “ina son ruwa”, “zan kwanta”. Kuma kada a yi mamaki idan dattijon da ba a taɓa jin ashar a bakinsa ba ya saki zagi. Ciwon ne, irin waɗannan kalmomi kan kuɓuce ba da izininsa ba. A kawar da kai.

Minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a yini, lokacin da yake da kuzari, ya fi awa guda cur da za ta ƙare da kuka. Idan akwai likitan koyar da magana a kusa, a je, a kuma karɓo aikin gida. Abu na ƙarshe a nan, kuma ina ganinsa wajibi: kada a yi zancensa a kansa kamar ba ya wurin. Masu dubiya da ke tsayawa a bakin gado suna “wayyo, ai wannan sai dai haƙuri”, a ja su waje cikin mutunci. Yana ji.

Motsi

Ba a gaggawa, ba a kuma barin mutum a gado. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa yawan tayar da majinyaci cikin awa 24 na farko bai amfane shi ba, har ya rage wa wasu samun sauƙi. Amma da zarar likita ya ba da izini, kwanciya abokiyar gaba ce. Ƙa'idar da hukumar lafiya ta Ingila ta fitar a 2023 ta ce wanda zai iya, a ba shi aƙalla awa 3 na atisaye iri-iri a yini, kwana 5 a mako. Gidaje kaɗan ne za su samu ƙwararre na tsawon wannan lokaci, shi ya sa wanka da sa tufafi da cin abinci dole su zama atisayen.

Tun bai iya motsa komai ba, a riƙa motsa masa kowace gaɓa sau biyu a yini: yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, ƙugu, gwiwa, idon sawu, kowace kamar sau goma, a hankali, a tsaya inda zafi ya fara. Kafaɗa kada a ɗaga ta sama da tsayinta sai yadda likitan fisiyo ya nuna. Bayan 'yan makonni jikin da ya saki kan fara sandarewa, hannu ya dunƙule, gwiwar hannu ta naɗe, tafin ƙafa ya leƙa ƙasa. Fizga ƙara masa tauri take yi. Miƙewa a hankali da riƙewa na rabin minti ita ke sassauta shi. A riƙa buɗe tafin hannun ana wankewa ana busarwa, a yanke farce.

Daga nan zama a bakin gado, ƙafafu biyu a ƙasa. Idan ya zaunu ba tallafi, a sa shi miƙa hannu ya taɓa abu a gaba da gefe. Sai tashi tsaye: ya matso bakin kujera, ƙafafu a ɗan ja baya, ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya miƙe. Mai taimako ya tsaya a gefen da ya shanye, ya riƙe ƙugu, gwiwarsa tana tokare da gwiwar maras lafiyan don kada ta lanƙwashe. Ba ya rataya a wuyanku. In za a mayar da shi keke ko kujera, a ajiye ta a gefensa mai lafiya, a danne birki. Sanda a hannu mai lafiya take. A matakala ƙafa mai lafiya ke fara hawa, maras lafiya ke fara sauka. Wajen sa riga hannun da ya shanye ake fara zurawa, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. A kwashe duk abin tuntuɓe daga hanya, a sa haske da dare, a sa abin riƙewa da kujera a banɗaki, takalmi kuma mai kama dunduniya.

Hannu ya fi ƙafa jinkiri, kuma shi aka fi saurin yanke wa ƙauna. Mutum ya gwada ya kasa, sai ya koma yin komai da mai lafiyar, ƙwaƙwalwa ta manta da ɗayan ko da ƙarfi ya fara dawowa. Masanin Amurka Edward Taub ya nuna cewa idan aka hana hannu mai lafiya aiki na wasu awoyi, aka tilasta wa raunannen, yana farfaɗowa. Wannan na wanda yatsunsa da wuyan hannunsa suka fara motsi ne, kuma da shawarar likitan fisiyo. A gida dai a ba hannun aikin gaske: danne takarda, goge tebur, riƙe kofin roba, juya shafi, ɗaukar murfin kwalba a jefa a kwano, sau da yawa har a gaji da ƙirgawa. Wanda hannunsa bai motsa ba tukuna, a tsayar da madubi a tsakanin hannayen, raunannen a ɓoye a baya, ya riƙa motsa mai lafiyar yana kallon hotonsa a madubin, kamar raunannen ne ke motsi.

Wanda hagunsa ta shanye kuma, a lura ko yana mantawa da duk abin da ke hagu: ya cinye rabin kwano ya bar rabi, ya yi ta karo da ƙofa. Ba makanta ba ce. A riƙa zuwar masa ta hagun, a sa shi juya kai ya nemo.

Zuciya, tasa da taku

Kusan ɗaya cikin uku na kamuwa da ciwon damuwa bayan shanyewar jiki. Idan ya yi mako biyu yana ƙin abinci, yana ƙin atisaye, yana juya fuska bango, a gaya wa likita, akwai magani. Wannan daban yake da kuka ko dariyar da ke ɓarke wa wasu ba dalili, wadda kan wuce cikin 'yan mintuna. Gajiyarsa ma ta gaske ce, ba lalaci ba. A bar masa zaɓi a ƙananan abubuwa, wace riga, wane lokaci za a yi wanka, a kuma ci gaba da neman shawararsa a al'amuran gida kamar da. A littafin nan na jinya a riƙa rubuta abin da ya iya a kowane mako, ko a ɗauki gajeren bidiyo, don wanda ke tare da shi kullum ba ya ganin ci gaban, shi ma ba ya gani.

Jinyar nan ta watanni ce, wani lokaci shekaru. Idan aka bar ta a kan mutum ɗaya, yawanci mata ko 'ya, za a wayi gari da marasa lafiya biyu. A raba kwana, a raba aiki tun makon farko, a rubuta wa ke da dare wa ke da kai shi asibiti. Mai ɗagawa ya lanƙwasa gwiwa, ba baya ba.

Wanda ya taɓa samun wannan ciwo yana cikin haɗarin sake samu, kuma hawan jini ne babban mai jawo shi. Maganin hawan jini ba a daina shi don awo ya yi kyau, maganin ne ya sa ya yi kyau. A sayi na'urar awo a riƙa rubutawa, a kula da suga idan akwai, a bar taba, a rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Idan baki ya sake karkacewa, ko wani sabon rauni ya zo, ko maganar da ta fara dawowa ta ɗauke farat ɗaya, a duba agogo a riƙe lokacin, a tafi asibiti nan take ba tare da an ba shi komai ta baki ba, domin allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Haka nan zazzaɓi da tari bayan ƙwarewa, kumburi da zafi a ƙafa ɗaya, numfashi sama-sama, jijjiga irin ta farfaɗiya, ko faɗuwar da kai ya bugu, duk ba a jiran ranar komawa ganin likita.